Me ya sa romon niƙaƙƙen nama da kayan lambu yake fitowa salam?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Daga Aboabo nake rubuto miki, a nan Kumasi. Mahaifin maigidana ya manyanta, haƙoransa ba sa iya tauna tsoka, shi ya sa na fara yi masa romo da niƙaƙƙen nama da su karas da kabeji da dankali. Sai dai duk sanda na yi, ruwan yakan fito tsululu babu ɗanɗano, naman ya yi fari-fari kamar dusa, kabejin ya narke, dankalin kuma da sauran tauri. Komai nake zubawa a tukunya lokaci ɗaya, yadda nake yin farfesu. Ina kuskuren yake? Sannan ko zan iya kai naman injin niƙa na kasuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri kan wannan hidima da kike yi wa Baba, shi kuma Allah ya ƙara masa lafiya.

Da bakinki kin faɗi inda matsalar take, wato zuba komai lokaci ɗaya. Farfesu yana jure wa haka ne saboda kai da ƙafa da jela suna da ƙashi da jijiya, waɗanda idan sun daɗe a wuta suke sakin daɗinsu a cikin ruwa har ya yi danƙo. Niƙaƙƙen nama ba shi da ko ɗaya daga ciki. Cikin minti goma ya dahu, abin da ya biyo baya kuwa ruwan jikinsa ne kawai yake tsiyayewa, ya bar miki busassun ƙwayoyi. Saboda haka ki raba aikin gida biyu: ƙarfin romon daga ƙashi zai fito, ɗanɗanon naman kuma daga suya.

Tun daga wurin mahauci ake fara gyaran. Ki je da safe, lokacin da naman da aka yanka a mayankar Kaase yake isowa teburan mahauta, ko a nan Aboabo ko Asawase ko Kejetia. Ki sayi laba ɗaya, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo, daga kafaɗa ko wuya. Kada ki ce masa zallar tsoka kike so. Ki bari a sami kitse kamar kashi ɗaya cikin biyar, domin shi ne yake hana naman bushewa, kuma ga mai raunin haƙori wannan laushin shi ne abin nema. Ki ce ya sara miki ƙashi mai ɓargo gunduwa biyu ko uku. In kin saba saye a wurinsa, wani lokaci a gyara ma zai ba ki.

Batun injin kasuwa kuwa, ban ba ki shawarar kai nama can ba. Injin nan tun safe yake cin masara da barkono da tumatir na mutane daban-daban, ba a wanke shi da sabulu tsakanin mai wannan da mai wancan, kuma ɗan naman da zai maƙale a cikinsa zai lalace a wannan zafi namu, ya cutar da wadda za ta niƙa nata bayanki. Akwai kuma dalilin da ya sa niƙaƙƙen nama ya fi gunduwa haɗari. Ƙwayoyin cuta a bayan nama suke zama, da zarar gunduwa ta sha wuta sun mutu. Niƙa kuwa cusa su take yi har tsakiya. Shi ya sa ake so zafin cikinsa ya kai digiri 71 kafin a ci, kuma kada ɗanyensa ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu a firji. Romon da ya tafasa sosai ya wuce wannan ma'auni, amma wuta ba ta gyara naman da ya riga ya fara wari.

A gida za ki yi abinki. Ki wanke naman tun yana gunduwa, ki tsane shi da tsabtataccen ƙyalle, ki yayyanka ƙanana, ki sa a firiza kamar minti 20 har ya ɗan sandare. Daga nan ko ki daddatsa shi da wuƙa mai kaifi a kan katako, ko ki riƙa zuba kaɗan-kaɗan a bilenda kina kunnawa kina kashewa, kada ya koma ƙullu. Ni na fi son na wuƙa, don ƙwayoyinsa sun fi riƙe ruwan jikinsu. Bayan an niƙa nama ba a ƙara wanke shi.

Ƙashin nan ki zuba shi a ruwan sanyi lita biyu da rabin albasa, ɗan yankin citta da kanumfari biyu ko uku. Idan ya taso ki kwashe kumfar, ki rage wuta, ki bar shi awa ɗaya da rabi yana ɓararraka a hankali. Aikin kurfoti ne wannan, ba sai kin ƙona gas ba, kuma kina iya yinsa tun jiya ki ajiye a firji. Ki tace, ki ƙwaƙule ɓargon ki mayar cikin ruwan.

Yanzu ga suyar, wadda ita ce nake so ki fi ba wa hankali. Ki ɗora tukunya mai faɗi mai kaurin gindi, ki zuba man gyaɗa cokali biyu, ki bari ya yi zafi sosai. Ki zuba rabin naman kawai, ki baza shi, sannan ki janye hannunki. Minti uku ko huɗu kada ki taɓa shi. Na san hannu zai riƙa kai wa ga cokali, amma ki daure. Ƙamshin nan da kike ji idan kin wuce mai tsire ba ya fitowa sai zafi ya kai wajen digiri 140, ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da kika hura. Muddin akwai ruwa kwance a tukunya, naman sulala yake yi, kuma wannan ne farin naman da kika gani. Idan kin cika tukunyar, ko kina ta juyawa, ruwan naman zai taru ya kashe zafin. Kunnenki ma zai gaya miki: ƙarar suya kaifi gare ta, ta tafasa kuwa ɓul-ɓul take yi. In kin ɗaga gefe kin ga ƙasan ya yi ja ƙwarai, sai ki juya, ki farfasa shi, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki kwashe, ki yi wa ɗaya rabin haka.

Za ki ga wani jan ƙanzo ya manne a gindin tukunya. Kada ki canja tukunya, kada ki wanke. Rabin daɗin romon yana nan. Idan dai baƙi ya yi, to ya ƙone, sai a bar shi don zai kawo ɗaci. Ki rage kitsen da ya narke ki bar kamar cokali biyu, ki soya albasa babba ɗaya har ta yi laushi, ki zuba tafarnuwa huɗu da citta da attaruhu ɗaya da kika murza a asanka, kaskon nan na murza kayan miya. Sai tumatirin gwangwani cokali biyu, ki soya shi har launinsa ya yi duhu, tsamin ya mutu, sannan ɗanyen tumatir uku ko huɗu da kika jajjaga, da daddawa ƙwaya ɗaya. Idan mai ya taso sama, ki zuba ludayi ɗaya na ruwan ƙashi ki kankare ƙanzon nan da cokalin katako har ya narke.

Taurin dankalinki ma yana da dalili. Tsamin tumatir yana hana dankali da karas saurin nuna. Don haka yayin da kike suya, ki zuba karas uku da dankali uku, yankan daidai da kan yatsa, a cikin tataccen ruwan ƙashin su yi minti 10 zuwa 12 su kaɗai. Sai sun fara laushi za ki juye su da ruwansu a kan soyayyen tumatirin, ki mayar da naman. Koren wake ko yalo su shiga nan, su sami minti takwas. Kabeji kwata guda ya biyo baya, minti biyar ya ishe shi. Alayyahu kuwa daf da saukewa. Idan kontomire za ki sa, wato ganyen gwaza, shi kam ki yanka shi siriri ki zuba tare da karas tun farko, domin in bai dahu sosai ba yana ƙaiƙayin maƙogwaro. Kanwa ba ta da wuri a wannan tukunya: tana dagargaza ganye, tana kuma lalata wasu sinadaran da saboda su ake cin kayan lambun.

Karas ba ya yi mana wuya tunda Asante Mampong, inda ake nomansa, na kusa, amma dankalin Turawa yana da tsada a Kumasi, kuma ba dole ba ne. Doya puna tana yi, kabewa ma tana yi, har ta fi dacewa da tsoho don laushinta. Kowanne kika sa, ki danne gutsure uku ko huɗu a jikin tukunya da bayan ludayi ki juya. Nan take romon zai yi kauri ba tare da kin nemi gari ba. Tumatirin damina irin na Akumadan yana da ruwa, sai ki ɗan ƙara masa lokaci a wurin suya.

Ki kula da gishiri saboda shekarun Baba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne. Idan ruwan ƙashi da suya da daddawa sun yi aikinsu, dunƙule ɗaya ya isa wannan tukunya da za ta ci mutum biyar ko shida, in yana da hawan jini ma ki bar shi gaba ɗaya. Ki ɗanɗana a ƙarshe, bayan ruwan ya ja, kafin ki ƙara komai. Ki zuba masa a kan shinkafa mai laushi, ko da tuwo, ko ya tsoma burodi.

Abin da ya rage kada ya wuce awa biyu a waje, a ranakun tsananin zafi irin na Fabrairu da Maris kuwa awa ɗaya. Ki raba shi a ƙananan robobi don ya yi saurin hucewa. Yana yin kwana uku zuwa huɗu a firji. Idan an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu, kafin ta wuce haka ki fito da romon ki tafasa shi a ci a ranar. Wanda kike son ajiyewa a firiza ki ɗebe shi tun kafin ki sa kabeji da ganye, ki zuba sababbi ranar da za ki ɗumama, kuma duk ɗumame ki bari ya tafasa sosai kafin ki kai wa Baba.