Filin Tambaya da Amsa: Amfanin Littattafan Kyanwoyi Masu Hotuna

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 11 ta samu 'yar kyanwa, kuma tun daga ranar ta matsa mini lamba in saya mata wani babban littafi mai hotuna wanda ke bayanin ire-iren kyanwoyi da yadda ake kula da su. A ganina duk abin da ke cikinsa ana samu a intanet, kuma ina zargin kyawun hotunan ne kawai ya ɗauke mata hankali. Shin irin wannan littafi yana da amfani na gaske, ko kuwa ado ne? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zarginki yana da tushe, amma duk da haka shawarata ita ce ki saya mata, muddin kin duba cikinsa da kanki kafin ki biya.

Yana da kyau ki san inda waɗannan littattafai suka samo asali, domin asalin nasu ne ke bayyana ƙarfinsu da rauninsu. A shekarar 1871 aka yi babban bikin baje kolin kyanwoyi a Crystal Palace da ke Landan, kuma wanda ya shirya shi, Harrison Weir, mai zane ne. Shi ne ya tsara siffofin da alƙalan gasa za su riƙa dubawa a jikin kowace kyanwa, sannan a 1889 ya fitar da littafi a kan kyanwoyi ɗauke da zane-zanen da ya yi da hannunsa. Ke nan daga zauren gasa wannan nau'in rubutu ya fito, kuma har yau rabin farko na yawancin littattafan jerin gwanayen gasa ne, an yi musu wanka, an taje musu gashi, an ɗauke su hoto cikin haske mai kyau. Wannan rabin ne ya ja hankalin 'yarki, kuma babu laifi a cikin haka, tunda ta wannan ƙofar yara da yawa ke shiga karatu.

Rabi na biyu, wanda ke bayanin kulawa, shi ne nake ganin ya cancanci kuɗinki. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, halin da ta gada daga kakanninta na daji, saboda haka mai ita ba ya gane tana fama da wani abu sai idan idonsa ya saba da kamanninta na lafiya. A nan ne gani ya kori ji. Idan aka ce da yarinya kada ta bar kyanwarta ta yi ƙiba, za ta amsa da to, alhali ba ta san inda ƙibar ta fara ba. Idan kuwa aka nuna mata jerin zanen da likitocin dabbobi ke auna jiki da shi, daga mataki na 1 zuwa na 9, inda na 5 shi ne madaidaici, za ta ga cewa kyanwa mai lafiya tana da ɗan tsukakken ƙugu a bayan haƙarƙari idan an kalle ta daga sama, kuma ana jin haƙarƙarin da yatsa ba tare da an danna ba. Haka batun yankan farce yake. A cikin farcen kyanwa akwai wani sashe mai launin ja-ja inda jijiyar jini take, kuma zane ɗaya da ya nuna iyakar inda almakashi zai tsaya ya fi shafi guda na bayani kare dabbar daga rauni. Launin dasashi mai lafiya, da bambancin dattin kunne na yau da kullum da na ƙwayoyin cuta, da zagayen da makero ke yi a fata, da yadda ake riƙe kai yayin ba da ƙwayar magani, duk abubuwa ne da ido ke kamawa nan take.

Masana ma sun bi wannan hanya. A 2019 masu bincike a Jami'ar Montreal da ke Kanada suka fitar da wani ma'auni na gane raɗaɗi a fuskar kyanwa, wanda ya dogara kan abubuwa biyar: yanayin kunnuwa, da tsukewar idanu, da ɗaurewar baki, da tsayuwar gashin baki, da matsayin kai idan an kwatanta shi da kafaɗu. Da hotuna ake koyar da shi, domin babu yadda za a yi a siffanta ɗaurewar bakin kyanwa da kalmomi har mutum ya gane ta a fuskar tasa dabbar.

Game da intanet kuwa, gaskiya ne akwai komai a ciki, amma mutum yana neman abin da ya san sunansa ne kawai. Yarinyar da ba ta taɓa jin cewa mafitsarar muzuru na iya toshewa ba, ba za ta je neman bayaninta ba, alhali idan tana buɗe littafi shafi bayan shafi za ta ci karo da hoton muzurun da ke yawan tsugunawa yana yunƙuri ba tare da fitsari ya fito ba, tare da gargaɗin cewa wannan lamari ne da ke kisa cikin 'yan kwanaki idan ba a garzaya wurin likita ba.

Yanzu ga gwajin da nake so ki yi kafin saye. Ki buɗe shafin da ke magana a kan irin da ake kira Scottish Fold, mai lanƙwasassun kunnuwa da fuska kamar ta mujiya. An fara gano irin ne a 1961 a jikin wata farar kyanwa a wata gona a Sikotilan. Abin da ya lanƙwasa kunnen nakasa ce ta guringuntsi, kuma ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa gaɓoɓin ƙafafu da wutsiya har ta jawo ciwon da dabbar za ta rayu da shi. Hukumar rajistar kyanwoyi ta Birtaniya, GCCF, ta daina yi wa irin rajista tun farkon shekarun 1970. Idan littafin ya faɗi wannan a fili kusa da hoton, marubucinsa mai gaskiya ne. Idan kuwa ya tsaya ga yabon kyau da sanyin hali, ki mayar da shi inda kika ɗauko. Ki yi irin wannan dubawa a shafin kyanwar Farisa, wadda shekaru na zaɓen masu gajeren hanci suka mayar da fuskarta shafaffiya, har wasu ke fama da wahalar numfashi da zubar hawaye, ga cutar ƙoda ta gado da aka san irin da ita, ga gashi mai buƙatar tajewa kowace rana. Hoton gasa ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Daga nan ki duba ko akwai likitan dabbobi cikin marubuta ko masu bitar littafin, da kuma shekarar da aka buga shi.

Tambaya: Na ga hoton kyanwar Siyam a wani littafi, sai na tarar tawa ta yi kama da ita ƙwarai: jiki mai haske, fuska da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya masu duhu, ga shuɗayen idanu. Ke nan tawa 'yar wannan irin ce? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, kama da wane ba ta wane. Wannan launi yana fitowa ne daga wata ƙwayar halitta da ke sa sinadarin launin gashi ya yi aiki a sassan jiki masu sanyi kaɗai, shi ya sa ake haihuwar 'ya'yan farare, sai daga baya ƙarshen gaɓoɓinsu ya yi duhu. Ƙwayar ta bazu cikin kyanwoyin gida da dama waɗanda ba su da wata takardar asali. A wurin hukumomin rajista, abin da ke tabbatar da iri shi ne rubutacciyar salsala ta iyaye da kakanni, kuma su kansu hukumomin ba su yi ittifaƙi kan adadin ire-iren ba: CFA ta Amurka, wadda aka kafa a 1906, ta amince da arba'in da 'yan kai, yayin da TICA, wadda aka kafa a 1979, ta amince da fiye da saba'in. Mafi rinjayen kyanwoyin duniya ba sa cikin ko wanne jeri.

Littafi mai kyau yakan ware babi na musamman ga launuka da zanen gashi, dabam da babin ire-ire, kuma a can ne za ka ga taka. A can ne kuma za ka koyi cewa kyanwa mai launi uku, fari da baƙi da ruwan lemo, kusan kullum mace ce, da cewa farar kyanwa mai shuɗayen idanu ta fi sauran yiwuwar zama kurma, abin da ke da amfanin sani ga wanda ke kiran tasa ba ta waiwayowa.

Tambaya: Na gaji wani tsohon littafin kyanwoyi na shekarun 1970, mai kyawawan zane-zane. Zan iya dogara da shi wajen kiwo? Daga wani dattijo.

Amsa: Ranka ya daɗe, zanen jiki ba ya tsufa. Haƙoran babbar kyanwa 30 ne yau kamar yadda suke a wancan lokaci, cikinta yana ɗaukar kimanin kwana 63 zuwa 65, kuma abin da littafin ya nuna game da ma'anar motsin kunne da wutsiya yana nan daram. Idan akwai hoton kyanwar Farisa ko ta Siyam a ciki, ka ajiye shi kusa da na sabon littafi, za ka ga yadda masu kiwo suka sauya siffar kai da fuska daga wancan lokaci zuwa yau.

Babin abinci da na magunguna ne nake roƙon ka tsallake. Sai a 1987 aka tabbatar da cewa ƙarancin wani sinadarin gina jiki da ake kira taurin (taurine) a abinci yana jawo wa kyanwa wata cutar zuciya mai tsanani, kuma bayan haka ne kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara yawansa, don haka littafin da ya girmi wannan shekara ba zai gargaɗe ka a kai ba. Tsofaffin littattafai da yawa suna nuna kyanwa tana lasar madara a faranti, alhali yawancin manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da sukarin da ke cikin madarar shanu, sai ta sa su gudawa. Jadawalin allurar riga-kafi da magungunan ƙuma da na tsutsar ciki su ma sun canza. Akwai gargaɗi uku da zan so ka rubuta da hannunka a bangon littafin idan babu su a ciki: farasitamol guba ce ga kyanwa ko da ƙwaya ɗaya ce, maganin ƙumar kare mai ɗauke da sinadarin fametirin yana iya kashe ta, kuma furen ado da ake kira lili, har da garin da ke zuba daga cikinsa, yana lalata mata ƙoda. Duk wani magani da littafin ya ambata da awonsa, ka kai shafin wurin likitan dabbobi ya duba kafin ka ba ta.