Amsa ga mai tambaya kan fihirisar Sphinx da ta watsar da ƙ, ɗ da ɓ

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka raina ya sosu, don abin da ya same ka shi ya same ni. Ka ce ka haɗa littafin jagorar manhajarka da Sphinx, manhajar da ke mayar da rubutu HTML da PDF, ka buɗe genindex, wato shafin fihirisa, sai ka tarar kalmomin da suka fara da ƙ, ɗ da ɓ sun koma can bayan Z, kuma PDF ya ƙi fitowa gaba ɗaya. Ba kai ka ɓata komai ba. Sphinx yana jera kalmomi ne bisa lambar da Unicode ya ba kowane harafi, kuma haruffanmu masu ƙugiya lambobinsu sun fi na z girma. Shi ya sa bayan Z za ka ga Ƙ, sai Ƴ, sai Ɓ, sai Ɗ. Duba naka, haka za ka same su. Mu kuma na Najeriya da muke rubuta 'y, ai namu ya fi muni: 'ya'ya da 'yanci duk sai su faɗa rukunin Symbols, tare da alamar dala, saboda ɗan waƙafin nan na sama ba harafi ba ne a wurinsa.

Ni aikin wani kamfani ne na karɓa, manhajar lissafin kuɗin makaranta, suka ce suna son jagorar da Hausa don malamai. Na yi aikin nan da zuciya ɗaya. Ranar miƙawa, manajan ya tara ma'aikatansa, aka haska a bango, bai karanta ko shafi ɗaya ba, ya zarce kai tsaye fihirisa yana neman “ƙididdiga”. Ya duba ƙarƙashin K bai gani ba. Sai ya juyo ya ce wai ni Bahaushe ne kuwa? A gaban yaran da na girme wa. Mutumin da ko a saƙon waya bai taɓa sa wa ƙ ƙugiya ba, “kasa” yake rubutawa ko ƙasa yake nufi. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani ya ce shi ba ya son turancin 'yan kwamfuta. Aka riƙe mini ragowar kuɗina wai sai na gyara, da na gyara kuma aka ce akanta ya yi tafiya. Har yau idan na tuna dariyar da aka yi a ɗakin nan sai in ji abu ya tokare mini ƙirji. Allah ya isa dai.

To, PDF ɗin. Idan saƙon da kake gani yana cewa U+0199, wato lambar ƙ, ba a shirya shi don LaTeX (tsarin da ke haɗa PDF ɗin) ba, matsalar injin pdflatex ce, rabu da shi. Sa latex_engine = 'xelatex' a conf.py, fayil ɗin saitin Sphinx. Da ka yi haka Sphinx da kansa zai koma amfani da xindy maimakon makeindex wajen jera fihirisar PDF, tun daga sigar 1.8 haka yake, kuma makeindex dama bai san UTF-8 ba. Abin da ya ba ni mamaki, xindy yana da tsarin jerin Hausa a cikinsa, amma Sphinx ba ya kiransa. Shiga _build/latex, buɗe Makefile, za ka ga XINDYOPTS. Kada ka gyara a nan, duk ginin da ka sake zai goge. Ba da shi a layin umarni lokacin da kake kiran make a cikin wannan foldar, da -L hausa -C utf8, kuma kada ka manta -M sphinx.xdy.

Na HTML shi ne babu hanya mai daɗi. Idan kalmomin a glossary suke, wato sashen ma'anar kalmomi, rubuta kalmar, ka bar fili, ka sa ɗigo biyu, ka sake barin fili, sannan harafin rukunin, kamar ƙididdiga : K. Za ta dawo ƙarƙashin K, sai dai a sama take zama, gaban sauran. Ni na haƙura da hakan. Wanda yake son Ƙ ta tsaya da kanta bayan K kamar a ƙamus, sai ya kwafi genindex.html cikin _templates ya sake jera genindexentries, ko ya rubuta ɗan ƙari da Python.

Af, tunda kana cikin conf.py, sa modindex_common_prefix da sunan kunshinka, in ba haka ba duk modul ɗinka za su cunkushe ƙarƙashin harafi ɗaya a fihirisar modul. Kuma idan dogayen sunaye suna tsallake layi a PDF, a latex_elements ba printindex wannan: \footnotesize\raggedright\printindex.

Don Allah kuma, in aikin na wani ne, ku rubuta a takarda tun farko cewa rabin kuɗi kafin miƙawa, kuma ka nuna masa fihirisar ku biyu kafin ya tara jama'a. Turo conf.py ɗinka da sigar Sphinx da kake kai, in duba maka da daddare in an kawo wuta.