Amsa ga Hajiyar da ɗanta zai yi kandi bana

Wa alaikumus salam Hajiya. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai da na taso daga makaranta na zauna, don ba maganar layi biyu ba ce. Kin ce ɗanki yana SS3, bana zai yi kandi, ya kafe shi likita zai karanta ko ya haƙura da bokon, mahaifinsa kuma yana so ya riƙa binsa shago a Kwari, ke kin rasa bayan wa za ki bi. Ni malamin sakandare ne a nan cikin Kano, shekarata 16 ina riƙe da alli, 9 daga ciki ni ne malamin ajin 'yan SS3, saboda haka irin wannan rigimar na sha shiga tsakiyarta.

Akwai abin da nake yi duk shekara. Idan aka shiga zango na biyu, sai in ce kowa ya yago falle ɗaya ya rubuta mini abin da yake so ya zama. A ajin kimiyya fiye da rabi likita suke rubutawa, saura injiniya, soja, sai ɗaya ko biyu matuƙin jirgin sama. 'Yan ajin at lauya da ɗan jarida, 'yan kasuwanci akanta ko aikin banki. Takardun nan ba na zubar da su, suna cikin wani kwalin taliya a ƙarƙashin teburina. Duk wanda ya dawo karɓar takardar shaidarsa bayan shekaru, nakan laluɓo tasa in miƙa masa, mu yi ta dariya. Abin da kwalin nan ya koya mini shi ne, da wuya abin da yaro ya rubuta ya zama shirinsa. Yawanci abin da ya ji ana yabo a gida ne, ko abin da zai sa a daina tambayarsa. Shirinsa na gaskiya yana cikin abin da yake yi idan babu wanda ya sa shi.

Bari in ba ki misali. Na taɓa yin wani yaro ɗan wajen Kurna, mazaunin layin baya, ba ya surutu, ba ya kuma ɗaga hannu. Wata rana ina tsakiyar darasi na ga kansa a sunkuye, na lallaɓa na tsaya a kansa. A cinyarsa ya shimfiɗa hankici, a kai wata ƙaramar waya ce ya farke ta, ƙananan kusoshinta ya jera su a cikin murfin kwalbar lemo don kada su ɓace, yana goge wani abu da buroshin haƙori. Na ƙwace, na kai shi ofis. A can aka gano wayoyi uku ne a jakarsa, babu tasa ko ɗaya, duk na 'yan aji ne da yake gyara musu, har da ta maigadin makaranta. Shi ma wannan yaron likita ya rubuta mini. Ya yi JAMB sau biyu makin bai kai ba, amma duk tsawon lokacin yana kasuwar waya ta Farm Centre wurin wani mai gyara. Daga baya ya shiga Poli ya karanci fannin lantarki. Yau yana da shagonsa da yara a ƙarƙashinsa, kuma wayar da nake rubuto miki wannan amsar da ita shi ya canza mata gilashi, ya ƙi karɓar ko sisi.

Shi kuwa wanda har yau yake tsaya mini a rai, shugaban ɗalibanmu ne na wata shekara. Yaro mai ƙwaƙwalwa, mai baki, shi yake wakiltarmu a muhawara da kacici-kacici, idan ya tsaya a asambile ko malamai sai sun yi shiru. Ya ci kiredit takwas a zama ɗaya. Makinsa na JAMB mai kyau ne, sai dai bai kai na likita ba, aka ba shi wani kwas na kimiyya ya ce raini ne. A gida ma aka goya masa baya, tunda tun yana JSS ake kiransa Dakta. Shekara uku yana maimaita JAMB, kuma kowace shekara makin ƙasa yake yi, don wanda ya bar aji ya koma majalisa karatu zubewa yake. A ta huɗu ya karɓi kwas ɗin da ya raina, lokacin abokansa suna shirin rubuta furojet. Ban ga laifin yaron sosai ba. Mu manya ne muka ɗora masa sunan da ya kasa saukewa.

Ba ina cewa ki karya wa ɗanki gwiwa ba. Cikin ɗalibaina akwai likitoci, na je asibiti an ce mini “Malam, shigo” ban bi layi ba. Amma ya kamata ku san yadda hanyar take tun yanzu. Sai ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6, D7 da E8 ba sa shiga lissafi. A JAMB darussa huɗu zai rubuta, Turanci da waɗancan ukun na kimiyya, maki 400 gaba ɗaya. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo duk shekara, wanda iyaye suke riƙewa su ce ai ɗana ya haye, wannan ƙofar zaure ce kawai. Kowace jami'a tana da nata, kowane kwas yana da nasa, na likita kuma shi ne a can ƙololuwa, saboda hukumar da ke kula da aikin likitoci ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Yaran Kano kusan kowa BUK yake cikewa don ya zauna a gida, ga kuma na sauran jihohi. Idan an samu, shekara shida ce, rabi a aji rabi a asibitin Malam Aminu Kano, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa. Sakamakon JAMB kuma na shekarar da aka yi shi ne kaɗai, ba a ajiye shi.

To ta yaya za ki gane ko da gaske yake? Ki ɗauko katin sakamakonsa na SS2, zango uku, ki duba Kemistiri da Fizis da Bayoloji, ki bar kallon na nawa ya zo. Idan makarantar gwamnati yake, ki duba abin da ya samu a kwalifayin, jarabawar da ake tace waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin NECO. Sannan wata rana kuna hira ki tambaye shi, wai shin me likita yake yi daga safe zuwa dare? Da yawa ba su san komai ba bayan farar riga da abin sawa a kunne. In kuna da ɗan'uwa ma'aikacin asibiti, a haɗa su ya wuni da shi ko sau ɗaya. Na san yarinyar da wuni ɗaya a ɗakin haihuwa ya sa ta koma karatun harhaɗa magunguna, na kuma san wanda ya dawo ya ƙara ƙaimi.

Kuma fannin lafiya ba likita ne kaɗai ba. A BUK ɗin akwai aikin jinya, akwai gwaje-gwajen asibiti, akwai ɗaukar hoton cikin jiki, akwai gashin ƙashi, akwai harhaɗa magunguna. Ga makarantar jinya, ga ta tsafta, ga ta fasahar lafiya duk a cikin gari. Wanda JAMB ta ƙi shi yana iya yin IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, a kwalejin CAS ta nan Kano, in ya ci ya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Ga jami'ar Aliko Dangote a Wudil, ga Northwest, ga Sa'adatu Rimi a Kumbotso ga mai son koyarwa, masu son kaki kuma ga makarantar 'yan sanda ta Wudil da NDA a Kaduna. A sa masa zaɓi na biyu da zai iya karɓa da zuciya ɗaya, a yi maganar tun kafin sakamako ya fito. Bayan ya fito, duk abin da aka faɗa masa lallashi zai ɗauke shi.

Wani abu ƙarami da yake jawo kuka: rajista. Tun 2021 sai da lambar NIN ake cike JAMB. Ki tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a NIN da WAEC da NECO, don yaranmu wani wuri Muhammad, wani wuri Mohammed, wani wuri an sa sunan kaka. Layin wayar da imel ɗin da za a yi rajista da su su zama nasa ko naki, kada ya bari mai shagon intanet ɗin da zai yi masa rajistar ya sa nasa. Ta shafin JAMB da ake kira CAPS ake ba da gurbin karatu, kuma sai yaro ya shiga ya danna ya karɓa. Na ga wanda aka ba shi bai sani ba sai da lokaci ya wuce. Tun 2015 kuma a kwamfuta ake jarabawar gaba ɗaya, to in bai saba ba a kai shi ya yi atisaye. Maganar santar da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo kuwa, ki toshe kunnenki. A1 ɗin da aka saya ba ta bin yaro gaban kwamfuta.

Yanzu maganar Alhaji. Ni a ganina ba shi da laifi, kuma shi da yaron ba saɓani suke yi ba. Daga ranar da yaro ya ajiye biron NECO zuwa ranar da zai zauna a ajin jami'a, akan yi wata shida, wani lokacin shekara. A nan muke rasa yara, ba a ɗakin jarabawa ba. Yaron da shekara shida ƙararrawa ce take tashinsa take zaunar da shi, rana ɗaya an sake shi. Sai barci bayan Asuba har azahar, sai waya, da yamma majalisa, da daddare gidan kallon ƙwallo, daga nan a koya masa cacar ƙwallo a waya. Wata uku ya isa ki kasa gane ɗanki. Saboda haka ya bi mahaifinsa Kwari. Zai koyi lissafin da ban koya masa ba, zai san yadda ake yi wa baƙo daga Nijar ko Chadi magana, zai san wahalar naira.

Amma a yi shi da sharaɗi, kuma a gaban wani babba, kawunsa ko baffansa. A faɗi ranar da zai fara da ranar da za a sake shi ya koma karatu. A ba shi aiki takamaimai, ko rubuta shige da ficen kaya ne, kada ya zama ɗan sayo abinci kawai. A yanka masa ɗan abin da za a riƙa ba shi, kaɗan. Na ce kaɗan ne don na ga illar yawan: yaro ya fara juya kuɗi a aljihu, ya ga malaminsa yana jiran adaidaita sahu a rana, sai ya ce me zai je yi a jami'a. A bar masa awa biyu kullum na bita, in kuma bai sauke Alƙur'ani ba ko haddarsa ta tsaya, babu lokacin da ya fi wannan.

Ga masu 'ya'ya mata da suke karantawa, su nasu ya sha bamban, don da yawa ana gama NECO ake kawo kuɗin gaisuwa. Ina da wata ɗaliba da kullum lokacin tara za ka same ta a gindin darbejiya, ƙawaye sun kewaye ta tana yi musu bitar Kemistiri da tsinke a ƙasa. Ita a takardarta cewa ta yi, duk abin da Allah ya zaɓa. An sa mata rana tun kafin sakamako. Mahaifinta, Allah ya saka masa, ya ce ba zai ɗaura ba sai mijin ya amince a gaban waliyyai za ta yi makarantar jinya, kuma ya sayi fom ɗin kafin biki. Bara na kai mahaifiyata awon jini, ita ta ɗaura mata abin a hannu. Ƙawayenta biyu da aka ce musu “in kin tare kya ci gaba”, har yau ba a sake tayar da zancen ba.

Bikin kandi kuwa, a yi musu anko da hoto da ɗan abin walima daidai ƙarfi, sun cancanta. Mukullin mota ko na babur ne kawai kada a ba shi ranar, komai magiyar da zai yi.

Kafin ku yanke komai, ki je ki ga malamin ajinsu. Ban ce shugaban makaranta ba, shi zai ce miki yaron kirki ne, haka yake cewa kowa. Malamin aji shi ya san inda yake zama, da wa yake yawo, da abin da yake yi idan malami bai shigo ba. Ki je da safe kafin a shiga darasin farko, ki riƙe katin SS2 ɗin nan a jaka, kuma kada ki tafi da yaron.