Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Baba magana: na'ura za ta taimaka ko za ta sa shi kasala?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ɗan shekara 63 ya samu shanyewar ɓarin jikinsa na dama wata biyar da suka wuce. Yana gane mu, har Fatiha yana karantawa a sallah, amma ya nemi ruwa da bakinsa ya gagara, sai ya yi ta cewa "to, to" har ransa ya ɓaci. An ba mu shawarar saya masa kwamfutar hannu mai manhajar da ke furta kalma idan an taɓa hoto. Yayana ya ce hakan zai sa ya daina ƙoƙarin magana. Yaya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika bayyana shi likitoci ke kira afeziya, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar ɓarin jiki yana fama da ita. A yawancin mutane cibiyar harshe tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ɓangaren da ke juya hannu da ƙafar dama, shi ya sa lalurorin biyu ke zuwa tare. Hankalinsa na nan. Ya san abin da yake so, kalmar ce ke ƙin fitowa. Fatiha kuwa tana fita ne don abin da baki ya saba da shi shekara da shekaru, kamar ƙirga da gaisuwa, sau da yawa yakan tsira.

Ki kwantar wa yayanki da hankali: na'ura ba ta hana magana dawowa. Idan ya taɓa hoton kofi ya ji "ruwa", an miƙa masa farkon kalmar ke nan, wani lokacin ma sai ta kuɓuce daga bakinsa. Abin da ke kashe ƙoƙari shi ne mutum ya yi ta gwadawa ba a fahimtarsa, har ya zaɓi yin shiru.

Sai dai kada ku fara da kashe kuɗi. Afeziya tana taɓa karatu, rubutu da gane alamomi, don haka manhajar da ta yi wa wani amfani tana iya zame wa Baba kaya. Ku fara gwada shi a gida. Ku yi masa tambayoyi goma da kuka san amsarsu, kamar "Sunanka Musa?" ko "Yanzu dare ne?" Masu wannan lalura sukan ce "e" alhali "a'a" suke nufi. Idan ya rikice, ku zana alamar dacewa (✓) ta "e" da alamar giciye (✗) ta "a'a" a kati ya riƙa nunawa. Ku ajiye hotuna huɗu ku ce ya nuna buta. Ku rubuta kalmomi biyu da manyan baƙaƙe, "shayi" da "koko", ya zaɓa. Idan karatun allo ya yi, ku gwada ajami ma.

In ya iya nuna hoto, sai ku haɗa masa ɗan littafi. Hotunan gaske za ku ɗauka da waya ku wanke: butarsa, gadonsa, kwalbar maganinsa, masallacin unguwa, fuskokin 'ya'ya da jikoki da sunayensu a ƙasa. Hoto huɗu zuwa shida a shafi ya isa, kowanne kamar tafin hannun yaro. A sa zanen jikin mutum don nuna inda ke ciwo. Kuma don Allah kada littafin ya tsaya kan ci da sha da bayan gida. Dattijo yana so ya tambayi labarin gona, ya yi wa jika faɗa, ya ce "ba na so". Hotonsa a shagonsa ko a ɗaurin auren 'yarsa yana buɗe hira fiye da zanen cokali.

Idan littafin ya karɓu na mako biyu ko uku, to na'ura za ta yi amfani. Kwamfutar hannu mai faɗin inci goma ta fi waya, domin da hannun hagu zai taɓa, hannun da bai saba da shi ba. Ku zaɓi manhajar da ke bari a sa hoto a kuma naɗi murya, saboda yawancinsu ba sa furta Hausa. Ɗansa namiji ya naɗa, da gajerun jimloli: "Ina son ruwa", "Kira min Hajiya".

Ga inda abin ke lalacewa. Idan sai ya shiga "abinci", sannan "abin sha", sannan "shayi", an ɗora masa aikin da lalurar ta riga ta raunana, wato rarraba abubuwa rukuni-rukuni. Abin da ya fi buƙata ya kasance a shafin farko. Wasu kuma ba sa ganin abin da ke gefen dama, sai a ɗauka taurin kai ne, don haka a ajiye na'urar ta hagunsa. Idan ya nace yana danna hoto ɗaya, yawanci gajiya ce, a huta. A kulle allon kan manhajar don kada yatsa ya zame ya fita, kada kuma yara su mayar da ita ta wasa. Littafin takarda ya zauna kusa saboda ranar da babu wuta.

Horon minti goma sha biyar sau biyu a rana ya fi awa guda a jere. Ki kashe rediyo, ki zauna gabansa, ki taɓa hoton da kanki kina faɗin kalmar, sannan ki ba shi. Ki ƙirga goma a zuci kafin ki taimaka, kada ki ƙarasa masa zance, kada ki ɗaga murya, ba kurma ba ne. Abin da ya nuna a ba shi nan take, ko bai furta ba.

Ku tambayi likitansa ko masu gashin ƙashi su haɗa ku da ƙwararren gyaran magana, galibi ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, ku tafi da littafin. Ku kuma gaya musu idan yana ƙwarewa wajen shan ruwa, ko ya daina cin abinci yana yawan kuka, domin matsalar haɗiya da ciwon damuwa suna yawan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma duka biyun ana yi musu magani.