Ina saye da sayar da bindigogin wasa a Ingila: ina doka ta tsaya?

Tambaya: Barista, ina zaune a Ingila, kuma ina buga wasan eyasof, wanda ake harbin juna da ƙananan ƙwallayen roba a fili. Nakan sayi bindigogin da aka yi amfani da su, in gyara, in sayar. Yanzu wani yana son wata baƙa da nake da ita mai kama da ta gaske sak. Ba shi da lambar UKARA (lambar rajistar 'yan wasan eyasof), amma ya ce ya daɗe yana wasan. In sayar masa?

Amsa: Malam, a kan maganar baki kawai, kada ka sayar. Sashe na 36 na dokar Birtaniya ta 2006 kan rage laifukan tashin hankali, wanda ya fara aiki a Oktoban 2007, ya haramta ƙerawa, sayarwa ko shigo da bindigar kwaikwayo mai kama da ta gaske. Laifin a kan mai sayarwa yake. Idan magana ta tashi, mutumin da ya saya zai koma gida, kai ne za ka tsaya gaban alƙali, kuma hukuncin ya kai ga tara ko ɗauri.

Dokar ta bar ƙofa ga wasu: gidajen tarihi, masu shirya fim da wasan kwaikwayo, da masu eyasof a filin da ke da inshora. Sai dai nauyin nuna cewa don haka ka sayar yana wuyanka. UKARA ƙungiyar 'yan kasuwa ce, ba lasisin gwamnati ba. Suna yi wa wanda ya kai shekara 18 rajista bayan ya buga wasa sau 3 a fili mai rajista, a cikin lokacin da bai gaza kwana 56 ba. Rashin lambar bai rufe hanya ba. Ka nemi sunan filin da yake zuwa, ka tuntuɓe su, su tabbatar maka a rubuce. Ka ajiye wannan saƙo tare da hoton katin shaidarsa da ranar ciniki. Idan ya fara kame-kame, ka bar shi.

Idan hujja ba ta samu ba, za ka iya shafe mafi yawan jikin bindigar da fenti mai haske, kamar ruwan lemo, ja, kore ko shuɗi, ta fita daga sahun masu kama da gaske. Cire irin wannan fenti don mayar da ita baƙa, ba tare da hujjar wasa ba, laifi ne a ƙarƙashin sashen nan. Mai fenti ko marar fenti, ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gyaran da kake yi. Tun 2017 doka ta sa iyaka ga ƙarfin harbi, wanda ake aunawa da jul: jul 1.3 ga mai harbi a jere idan an riƙe kunama, jul 2.5 ga mai harbi ɗai-ɗai. Ka sa wa mai harbi a jere sifirin mai ƙarfi ta wuce 1.3, to a idon doka za ta iya zama haramtaccen makami a ƙarƙashin sashe na 5 na dokar bindigogi ta 1968, inda mafi ƙarancin hukunci ga baligi ɗaurin shekara 5 ne. Duk wadda ta shigo hannunka, ko ka buɗe cikinta, ka gwada ta a na'urar auna ƙarfin harbi, ka rubuta sakamakon kafin ta fita.

Wajen miƙa kaya, ka sa su cikin jaka a rufe, ku haɗu a filin wasa. Fito da bindigar kwaikwayo a bainar jama'a ba tare da uzuri ba laifi ne, kuma ɗan sandan da aka kira ba zai san roba ce a ciki ba.

Sai haraji. Idan kuɗin da ya shigo maka daga cinikin ya wuce fam 1,000 a shekarar haraji, ka sanar da hukumar HMRC, ko da ribar kaɗan ce. Wanda ke saye don ya sayar ɗan kasuwa ne a wurinsu, ko da shi yana ganin sha'awa ce kawai.