Mataimaki ne ke gadon kujerar shugaban jam'iyya?

Malam, ka tambaya daga unguwar Nima ta Accra ko mataimaki na hayewa kujera kai tsaye idan shugaba ya kau. Buɗe kundin jam'iyyar ka duba: riƙon ƙwarya ya ce, ko gado? A nan rigimar take kwana. A Ghana, da jam'iyyar NPP ta dakatar da shugabanta Paul Afoko a 2015, riƙo kawai mataimakinsa Freddie Blay ya yi, sai a 2018 wakilai suka zaɓe shi a Koforidua. John Mahama ma, wanda shi ne mataimakin shugaban ƙasa Atta Mills, bayan rasuwar Mills a 2012, sai da taron jam'iyyar NDC a Kumasi ya tabbatar masa da takarar shugaban ƙasa. Inda kundin ya yi shiru, ni dai ina ganin a koma wa wakilai, domin sashe na 55 na tsarin mulkin Ghana na 1992 ya wajabta dimokuraɗiyya cikin jam'iyyu.