Ƙararrawa mai kyamara a bakin get

Tambaya: Malam, na sayo ƙararrawa mai kyamara zan maƙala a get ɗina nan Birnin Kebbi, wace irin waya zan ja?

Amsa: To ɗan'uwa, in mai waya 4 ce, ɗaya ta wuta, ɗaya negatib, ɗaya murya ɗaya hoto, kawai ka bi kala da kala kar ka cakuɗa su. In mai intanet ce kuwa wayar intanet da ake kira Cat6 za ka ja, kar ta wuce mita 100. Makullin lantarki shi ma wayarsa 2 daban. Zura wayar cikin fayif, kuma don Allah kar ta bi layi ɗaya da ta NEPA, hoton zai yi ta rawa. Ranar Kebbi ka san halinta, yi wa kyamarar 'yar rumfa.